Ranar da Sumul Ya Goga wa Hannunsa Samfefa

A layin masu gyaran mota an daɗe ana cewa Sumul yana kiwon shanshani a cikin hannunsa. Wai tun yana siriri kamar zare ya shige masa ta ƙarƙashin farce, ya samu wuri mai ɗumi ya miƙe, kansa a gindin babban yatsa, jelarsa ta doshi gwiwar hannu, ƙafafunsa ashirin da biyu reras. Mai facin taya ya rantse da idonsa ya ga ya yi miƙa. Matar da ke sayar da ruwan sanyi a bakin gareji ta ce ita atishawarsa ta ji. Wai idan ya ƙoshi ja yake yi, idan ya yi fushi ya koma baƙi, idan kuwa yunwa ta kama shi sai ka ga Sumul ya cije leɓe yana bubbuga hannu a cinya, lallashinsa yake yi ke nan.

To, ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Babu shanshani, babu atishawa. Tabo ne, ɗinki goma sha ɗaya, ƙafafun nan kuma wuraren da allurar likita ta shiga ta fita ne. Mai ba ku labarin nan ba a bakin titi ya tsinto shi ba. Sumul ɗan gwaggona ne, tabarma ɗaya muka jiƙa muna yara, ko da yake shi ya fi ba da gudummawa.

Sunan Sumul tun yana ɗan shekara bakwai ya manne masa. Shi ne yaron da ya ɗora dutsen guga a kan littafinsa na makaranta don shafi ya yamutse, ya ƙone lissafin zango guda, ana zane shi yana cewa ai dai ya miƙe. Kwanon abincinsa idan ya lotse, ba zai kai loma baki ba sai ya samo dutse ya daddaƙe shi ya dawo daidai. Da Gwaggo ta ga boko ba ya shiga, guduma ce ke shiga, sai ta kama hannunsa ta kai shi gareji wurin masu gyaran jikin mota. Can ya share shekara ashirin da uku, har ya zama mai rumfar kansa.

A kawo masa motar da ta yi karo ta koma kamar takardar da aka dunƙule, ba zai fara ɗaukar guduma ba. Sai ya wanke hannu da sabulu, ya goge, ya runtse ido, ya shimfiɗa tafinsa na dama a jikinta yana bi a hankali kamar mai lallashin doki. Inda tafin ya tsaya, nan zai sa alli ya zagaye. "Ido maƙaryaci ne," in ji shi, "fenti na ruɗinsa. Tafi kuwa ba ya cin hanci." Daga nan sai ƙaramar guduma, ƙwas-ƙwas-ƙwas, da dunƙulen ƙarfe ta baya yana tarewa. Sai bodi fila mai cike ramukan da suka rage, sai gugar samfefa mai kaushi, sai mai laushi, sai wadda ake jiƙawa da ruwa, wadda ta fi kuncin jariri taushi.

Halin bai tsaya a gareji ba. Sau biyu ana kama shi a bakin titi yana shafa motar mutane ido rufe, sau ɗaya har an fara tara masa jama'a. Ranar da ya je gaisuwa gidan surukansa, kafin ya yi sallama sai da ya shafa ƙofar gidan ya gaya wa mai gidan ta lotse a wuri uku. Aka dai ba shi matar, don ita ta ce ta ji ta gani.

Wata safiya suna cire ƙofar wata bas da ta sha karo, shi da maƙwabcinsa mai walda, sai ƙofar ta suɓuce. Bakin kwanon da ya yage ya bi hannunsa na dama, ya ja masa layi daga gindin babban yatsa ya ƙetare wuyan hannu. Mai walda ya ce jinin ya cika bokiti. Bokitin dai har yau ba a gan shi ba. A asibiti likita ya ce jijiya ta sha da ƙyar, ya ɗinke, aka naɗe. Bayan mako biyu aka cire zare.

Ranar ce Sumul ya fara ganin abin da idonsa. Ya juya hannun, ya kai shi wurin taga, ya dawo da shi. Layi ne ja, ya ɗaga sama da fata, yana ƙyalli, gefensa duk ɗigo-ɗigo.

"Sista, wa ya yi wannan aikin?"

Nas ɗin wata dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci, ta ga ciwo iri-iri har ta daina mamaki. Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wanda ya ceci hannunka."

"Na gode masa ƙwarai. Amma a rumfata mutum ya yi min irin wannan haɗin, ranar zai tattara ya koma gidansu."

"To nan ba rumfarka ba ce. Saurara, Malam. Zai ƙara ja, zai ƙara tauri, zai yi maka ƙaiƙayi kamar ka cire hannun ka yar, wata biyu ko uku. Daga nan ya fara kwantawa da kansa, launin ya dusashe. Shekara guda yake ɗauka, wani har da rabi. Kada ka sosa, kada ka ɓamɓare ɓawon da ya rage, kada ka bari rana ta dake shi. Ka ji?"

Ya ce ya ji. Amma duk jawabin nan abin da ya shiga kunnensa "shekara guda" ne kawai. Mutumin da ke fitar da mota a kwana huɗu, a ce ya zauna shekara yana kallon aikin da bai kwanta ba a jikinsa, kullum ya farka da shi, ya ci abinci da shi, ya miƙa wa mutane shi wurin gaisawa.

Kwana uku ya daure. Na huɗu ya yi tunani irin na masu sana'a: duk abin da aka shafa aka ga bai kwanta ba, bai bushe ba ne. Fila rana take so, fenti rana yake so. Ya jawo benci tsakar gida, ya shanya hannu a bayan kujera daga hantsi zuwa azahar, kamar mai jiran a ɗiga masa sadaka.

Matarsa ta fito da shanya ta gan shi. "Baban yara, ba cewa aka yi ka rufe shi ba?"

"Ita Sista fata ta sani. Bushewa kuwa fannina ne."

Mako biyu yana wannan shanyar. Tabon ya bar ja ya yi duhu kamar an bi shi da gawayi, tudun kuwa yana nan daram, ko gezau bai yi ba.

Sai wata Laraba. Matar ta tafi raka yara makaranta, shi kuma ya sulale gareji. Ya zagaya bayan rumfa, ya ɗebo ruwa a gwangwani, ya yanko samfefar nan mai laushi, ya ninka ta uku yadda ya saba, ya jiƙa. A wurinsa ba hauka ba ne, aiki ne mai ƙa'ida: a hankali, hanya ɗaya, ban da dannawa. Gugar farko daɗi ya ji har cikin kwanyarsa, domin ƙaiƙayin makonni ne ya samu mai sosa shi. A ta goma ya lumshe ido. Wajen ta talatin ruwan gwangwani ya fara canza launi, amma ya ce da kansa ai fila ma haka take ɓata ruwa.

Mai walda ya leƙo neman ashana. Ya tsaya baki buɗe. "Oga, me nake gani haka?"

"Sharewa ce kawai, sama-sama."

"Innalillahi! Hannunka ne fa, ba bambar mota ba ce!"

Kwana uku ya ɓoye abin cikin dogon hannun riga. Na huɗu hannu ya kumbura kamar burodi, yana zugi, yana fitar da mugunya, zazzaɓi ya rufe shi. Matarsa ta ga rigar ta manne da fata, ta yafa mayafi ta tisa ƙeyarsa gaba sai asibiti.

Nas ta buɗe, ta duba, ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. "Me ya taɓa shi?"

Sumul ya shiga ƙirga layukan silin.

"Faɗa mata mana, injiniya," in ji matarsa.

"Samfefa."

"Samfefa," Nas ta maimaita. "Lamba nawa?"

Fuskarsa ta ɗan washe. "Dubu biyu, Sista. Mai laushin nan ce, ko a fentin ƙarshe ba ta barin..."

"Au, har kana amsawa! Shekara talatin ina aikin nan. Na ga mai sa toka, na ga mai sa man goge baki, na ga mai zuba man birki. Mai samfefa dai kai ne na farko, kuma ina roƙon Allah kai ne na ƙarshe." Ta jawo kwanon wanke ciwo. "Tudun nan da ya tsone maka ido ba wani abu ba ne aka ɗora a sama da za ka share ka tarar da fata a ƙasa. Shi ne fatar. Jiki ne ya yi gaggawar rufe ƙofa, ya zuba kaya fiye da ƙima, kuma shi da kansa zai dawo ya rage in ka ƙyale shi. Ka goge, ya ɗauka sabon ciwo ne, ya zubo ninki biyu."

Aka wanke, yana kiran sunayen kakanninmu ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda ba mu san da su ba. Aka ba shi magani, aka sake naɗewa har mako uku.

Da aka kwance, tabon ya ƙara faɗi, ya ƙara kauri. Ba wannan ne ya tsorata shi ba. Wuyan hannun ya sandare kamar icce, babban yatsa ya ƙi zuwa wurin 'yan uwansa, fatar gindin tafin kuma ta koma kamar ba tasa ba. Washegari ya riga kowa zuwa gareji. Akwai wata ƙofar mota jingine da bango, lotsewarta ko makaho ya gani. Ya wanke hannu, ya runtse ido, ya ɗora tafi. Ya bi ta sau ɗaya, ya bi ta sau biyu. Ji ya yi kamar yana shafa ta ta cikin bargo. Ya ɗauki guduma, a bugu na uku ta kuɓuce ta faɗi ƙasa. Ya daɗe tsaye yana kallonta kafin ya sunkuya ya ɗauka da hagu. Bai gaya wa kowa ba.

Amma uwa ba ta jiran a gaya mata. Gwaggo ta ga yadda ya damƙe cokali kamar mai riƙon fartanya, ta aika aka kira yayansa mai shagon kayan gyara.

"Inna, ni fa ban nakasa ba," in ji Sumul.

"Ban ce ka nakasa ba. Da hannu biyu na haife ka, da biyu na kai ka gareji, ba zan zauna kana rage min ɗaya da samfefa ba. Wata huɗu na ba ka. In ka ɗauki guduma ka gyara abu a gabana na gani da idona, ka koma rumfarka. In ka kasa, ka rufe ta ka bi yayanka shago."

Yaya, mutumin kirki, har ya sayo masa kujera mai juyawa ya ajiye kusa da fanka. A wurin Sumul kuwa, zama yana miƙa wa mutane ƙwan fitila da noti daga safe zuwa yamma, kabari ne mai fanka.

Shi kaɗai ya koma asibiti, ya bar girman kai a gida. Ya jira layi ya ƙare, sannan ya shiga.

"Sista, tsakaninki da Allah, hannun nan zai dawo?"

Ta kama hannun ta juya, ta danna nan ta danna can, ta sa shi ya motsa yatsu ɗaya-ɗaya. "Alkawari ba zan yi maka ba. Amma ciwon ya rufe yanzu, za a iya aiki. Ka iya goge mota da man ƙyalli?"

Ya dube ta kamar ta tambayi kifi ko ya iya iyo.

Ta lakato man shafawa marar ƙamshi, ta ɗora babban yatsanta a kan tabon ta shiga zagayawa, zagaye ƙanana, tana dannawa daidai yadda zai ji amma ba zai yi ihu ba. Minti biyar, sau uku a rana, a bi tsawonsa a kuma ƙetare shi, don kada ya manne da naman da ke ƙasa ya riƙe jijiya. Ta rubuta masa wani faci mai laushi kamar roba da zai riƙa liƙawa a kai, ta tura shi ɗakin masu motsa gaɓoɓi su koya masa lanƙwasa wuyan hannu. Rana kuwa, dogon hannun riga ko da zufa za ta kashe shi. "In ƙaiƙayi ya taso, tsumma mai sanyi, ko ka bubbuga. Na ga sawun farce a nan, da kaina zan yanke maka su har gindi."

Ashe abin da Sumul ke nema tun farko ke nan, a ba shi aiki. Haƙuri ne bai iya ba, amma goga, ai nan aka zo gidansa. Ya sa agogon waya. Ya sace ƙwallon robar 'yarsa yana matsawa, tana kuka yana ce mata aro ne. Ya riƙa kwantar da hannu a kan tebur yana zana da alli iyakar inda wuyan hannun ya lanƙwasa, kowace Juma'a sabon layi, wani makon ma layin a kan na baya yake faɗawa, ranar kowa ya kiyayi gaishe shi. Da matarsa ta ga hagunsa ya cika nauyi, sai ta karɓi shafar la'asar.

"Hagu-hagu. Kin tsallake wuri. Ba haka ake zagaye ba, ke kamar mai damun fenti."

"Baban yara, ka ƙara kalma ɗaya in tashi in ɗauko samfefa, mai kaushin."

Ita ce kuma ta ƙirƙiro jarrabawa. Sai ta sa ya runtse ido, ta ɓoye wani abu ƙarƙashin ƙyallen tebur, ya nemo da tafi. Watan farko ƙwayar wake ta gagare shi, ya bi ta kanta ya wuce, 'yarsa tana ƙyalƙyala dariya. A na biyu ya kama waken. Tsakiyar na uku ya tsaya cak a kan tsabar shinkafa, ya buɗe ido, ya ce wani abu ne ya faɗa masa a ido, ya fita waje ya daɗe bai dawo ba.

Tabon ma yana tafiyarsa, ba ya sauraron kowa. Da fari igiya ce mai tauri, launin ɗanyar hanta. Sannu a hankali gefensa ya yi laushi, ya fara motsi tare da fata in an ja. Tsakiyarsa ta yi haske fiye da sauran jikin, bakin-bakinsa ya riƙe duhun da rana ta ba shi, ɗigon allura suka dusashe sai ka matso. Da sanyin safiya yakan ɗaure, sai an shafa ya saki.

Ranar da wata huɗu suka cika, muka hallara a tsakar gidan Gwaggo. Yaya ya zo da makullin shago a hannu yana kaɗawa. Ni ba a gayyace ni ba, amma shari'a ba ta yiwuwa babu shaida. Muna zaton mota za a kawo, sai ga Gwaggo ta sa an fito da tsohon akwatinta na ƙarfe, wanda jikoki suka mayar wurin tsalle har murfin ya koma kamar hanyar da ruwa ya cinye.

Sumul ya naɗe hannun riga, ya wanke hannu, ya runtse ido. Ya zagaye wuri uku da alli, waɗanda ko ni na gani. Har ya ɗauke tafi, sai ya mayar. Ya koma kusurwar hagu ta baya, ya bi, ya sake bi, ya zagaye wani ɗan wuri da bai fi bakin kofi ba. Muka leƙa, babu komai sai tsohon fenti.

Yaya ya yi dariya. "Ƙane, hannun nan mafarki yake yi."

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta matso ta dubi allin. "Nan ubanku ya buga shi da ƙofar mota ranar da muka tare, shekara arba'in da biyar ke nan. Ya shafe da fenti don kada in gani. Na gani."

Yaya ya zura makulli a aljihu.

Sannan guduma. Awa guda da rabi ya yi a kan aikin da a da ba zai wuce minti ashirin ba. Sau uku yana ajiyewa yana yarfe hannu, zufa na ɗiga daga haɓarsa, inda wuyan hannu ya ƙi kaiwa sai ya juya gwiwar hannu ta kai. Gudumar ba ta faɗi ba. Wuri uku suka kwanta lif. Ya kai dunƙulen ƙarfe ƙarƙashin na huɗu, Gwaggo ta dafa murfin.

"Bar min wannan." Ta gyara mayafi. "Gobe ka buɗe rumfarka. Da dogon hannu."

Na ga wurin ya yi shiru da yawa, har matarsa ta fara share ido da gefen mayafi, to ina amfanin taubashi in bai yi magana a irin wannan lokaci ba? Na kamo hannunsa na ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Aiki ya yi kyau, Oga, ba ƙarya. Sai dai launin bai shiga da na bodi ba. Tsakiya fari, gefe baƙi, duk wanda ya hango daga nesa ya san motar nan ta taɓa karo. Ko in samo maka ragowar fenti a feshe?"

Ya zare hannunsa, ya sauke hannun riga, ya sa maɓalli a hankali da babban yatsan nan da kowa ya yanke wa ƙauna.

"Ɗan Kawu, ni nawa ciwon an ɗinke, ya rufe. Kai naka ciwon, bakin nan naka, shekara arba'in yana buɗe yana ruwa. Taso in kai ka wurin Sista, ni da kaina zan riƙe mata kanka."